Tukuici: Wanda na karɓa da wanda ban bayar ba

Mai karatu, wannan watan ba sharhin fim na kawo maka ba. Asirin kai na zan tona, domin tun da abin ya faru ya ke ci na a rai, kuma na ga idan ban amayar da shi ba, ba zan iya ɗaukar biro in ce fim ɗin wane ya yi kyau ko bai yi ba.

Bayan ƙaramar Sallah wani furodusa daga Kano ya neme ni. Ya ce ya na son ya ɗauki waƙoƙin sabon fim ɗin sa a kan ruwa, ya gaji da lambu da dutse, kuma an gaya masa ni ɗan Yelwa ne. Na ce ai kuwa ya zo gidan ruwa. Mu tara mu ka taho a mota biyu, har da darakta da mai kyamara da yara biyu masu ɗaukar fitila. Da mu ka wuce Kontagora sai na ji kai na ya yi girma, na shiga ba su labarin ƙasar Yawuri kamar ni na kafa ta. Na gaya masu yadda aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci tsohon garin Busa da tsibirai da dama na Gungawa, aka tashi mutane aka gina masu sababbin ƙauyuka. Na ba su labarin bikin Rigata, da albasar mu, da kifin mu da ake lodi zuwa kudu. Na kai su bakin kogi, mu ka ɗauki hayar kwale-kwale, wani dattijo ya zaga da mu har la'asar. Darakta sai cewa ya ke: "Kai, ashe akwai irin wannan wuri a Arewa mu ke ta wahala!"

Da magariba mu ka shiga wani gidan abinci a cikin gari. Ba zan faɗi sunan sa ba, don ba shi na zo kai ƙara ba. Yarinya ɗaya ce ta yi mana hidima, ba za ta wuce shekara 17 ba. Ka san halin 'yan fim idan sun kwaso yunwa. Wannan ya ce tuwon shinkafa, wancan ya ce sakwara, wani ya ce a canza masa kan kifi da tsakiya. A kawo ruwa mai sanyi, a ƙaro yaji, a canza cokali, a sa wa wane waya a caji. Na ƙirga, sai da yarinyar nan ta yi sawu ya fi ashirin tsakanin kicin da teburin mu. Ana cikin haka ɗaya daga cikin yaran fitila ya juya zai yi dariya, gwiwar hannun sa ta ture faranti daga hannun ta, ya faɗi ya tarwatse. Ita ta ce "yi haƙuri", ita ta durƙusa ta kwashe. Na ga irin kallon da uwar ɗakin ta ta yi mata daga bayan kanta, kuma na san ma'anar sa sarai.

Aka kawo lissafi, N41,500. Alhaji ya ce haba Hajiya, ai mu baƙi ne, a yafe N1,500 ɗin mana. Aka yafe. Ya ciro waya ya tura N40,000 cif, mu ka tashi. Yarinyar na tsaye da tsumma a hannu ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ba wanda ya ko dube ta. Ni ma akwai 'yan canji a aljihu na, amma sai na ji nauyin in ba ta a gaban Alhaji, kada ya ga kamar na nuna masa bai iya ba. Na bi sahu na fice.

A daren, a ƙofar masauki, Alhaji ya ja ni gefe ya danƙa mani ambulan. Ya ce, "Ga goro, Malam. Ka sha wahala da mu. Kuma ka san fim ɗin mu na baya zai fito wata mai zuwa, sai a duba mu da idon rahama." Mu ka yi dariya tare. Da na buɗe a gida na tarar da N30,000.

Kuskuren da na yi, ko in ce sa'ar da na yi, shi ne ba Inna labari. Mahaifiya ta ta yi shekaru ta na sayar da tuwo kusa da tasha, kuma ni ne ɗan kai wa direbobi kwano kafin in tafi makaranta. Na zaro N10,000 na ajiye mata, na ce tukuici na samu. Ta tambaye ni na me, na kwashe duka na gaya mata, har da maganar faranti, don a lokacin abin dariya na ɗauke shi. Ba ta taɓa kuɗin ba. Ta ce, "Kai da ka yi boko, gaya mani, tukuici kafin aiki ake bayarwa ko bayan aiki?" Na ce bayan aiki. Ta ce, "To rakiyar da ka yi masu ka gama. Amma rubutun da ya ce a duba shi da idon rahama, ka yi shi?" Na yi shiru. Ta ce, "Ɗauke abin ka. Wadda ta ci tukuici kun baro ta ta na shara."

Na kwana ina juya maganar nan. Bahaushe fa bai rasa sunan da zai kira kowane irin kuɗi ba, mu ne mu ke cakuɗa su da gangan. Lada ko ijara haƙƙin wanda ya yi maka aiki ne, ba alfarma ba. La'ada ta dillali ce, kason sa ne a ciniki. Gyara ita ce ɗan ƙarin da mai sayarwa ke yi wa mai saye, kamar yadda mai ƙosai ke jefa maka guda ɗaya a kan na ɗari biyu. Sadaka don Allah ake yin ta, ba sai an yi maka komai ba. Goron albishir na wanda ya riga kowa kawo maka labari mai daɗi ne, shi ya sa ya ke tsayawa sai ka ce "goro" kafin ya buɗe baki. Shi kuwa tukuici asalin sa na ɗan aike ne. Idan maƙwabta su ka aiko yaro da kwanon abincin Sallah, ba a maida kwanon haka nan, kuma ba a sallamar yaron hannu rabbana. Idan mata su ka kawo lefe, dangin amarya su na ba su tukuici. A wurin Inna ma'aunin sa ɗaya cikin goma ne na darajar abin da aka kawo, haka ta ce ta taso ta gani. Sai kuma na ƙarshe, wanda ba mai son kiran sunan sa: toshiyar baki. Shi ne ya ke aron rigar sauran, yau ya fito a goro, gobe a kuɗin mai, jibi a "na shan ruwa".

Mu mutanen Yawuri bai kamata a koya mana muhimmancin ɗan aike ba. A 1806 Baturen nan Mungo Park ya biyo kogin Kwara ya tsaya a ƙasar mu. A ruwayar jagoran sa, Amadi Fatuma, Park ya ba wani basarake kyauta ya kai wa Sarkin Yawuri, shi kuwa da ya ji Baturen ba zai dawo ba sai ya danne kayan, ya ce wa Sarki baƙin sun wuce ba su ba da komai ba. Jagoran ya ce wannan ne ya jawo aka tare su a Busa, inda Park ya halaka a ruwa. Ko ma yaya aka yi, darasin a fili ya ke: tsakanin mai bayarwa da mai karɓa akwai wani mutum na uku, kuma hikimar tukuici ita ce a san da zaman sa. Yarinyar da ke ɗauko tuwo daga kicin zuwa gaban ka ita ce 'yar aiken wannan zamani.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na san aikin nan ciki da bai. Lokacin da na ke yin difloma a Birnin Kebbi na yi wata bakwai ina sabis a wani otal da daddare don in haɗa kuɗin makaranta. A jikin kowane rasit akan ƙara wa baƙo kashi goma cikin ɗari da sunan kuɗin hidima, ban da harajin gwamnati. Baƙo ya duba ya ga ya riga ya biya namu, sai ya tashi abin sa. Wallahi har na bar wurin ko kwabo na kuɗin nan bai shigo hannu na ba. Amma idan kofi ya fashe, ko wani ya sulale bai biya ba, a albashin ka za a cire. Akwai watan da aka cire mani kusan kashi ɗaya cikin uku. Har yau ina tuna wani direban tanka da ya ci abinci ya kira ni waje ya ba ni N500, ya ce, "Riƙe wannan, ƙane na, na ga tun ɗazu ba ka zauna ba." Ba kuɗin ne su ka tsaya mani a rai ba, cewar da ya yi ya ga ban zauna ba ce. Ashe akwai mai gani.

To ni da na san wannan, me ya hana ni sa hannu a aljihu? Amsar ba ta da daɗi. Mu a yau ba wanda ya yi mana hidima mu ke ba kuɗi ba, wanda mu ke tsoro mu ke ba. Duba tafiyar nan tamu kawai. Masu tare hanya sun samu, tun daga Kano har Yelwa, ba tare da sun yi mana komai ba. Wasu samari da su ka zagaye mu a bakin kogi su na kirari sun samu, don kada su hana ɗaukar hoto. Ni na samu, don ina da shafi a mujalla. Dattijon da ya tuƙa mu awa uku a rana sai da aka yi ta ciniki da shi kamar za a sayi akuya. Yarinyar da ba ta da bakin da za ta ɓata wa kowa suna ba ta samu komai ba, ƙarshe ma bashin faranti aka bar mata. A wurin biki mutum zai yi liƙi da dubu hamsin don a kira sunan sa a lasifika, amma mai wanke kwanonin bikin sai ta bi shi kwana uku kafin ya biya ta.

Finafinan mu ma haka su ka koya mana. Sau nawa ka ga jarumi ya kai jaruma gidan abinci, an jera masu kaji da lemo, sun yi hirar soyayya sun tashi ko taɓa abincin ba su yi ba? Wanda ya kawo abincin ba a nuna fuskar sa, hannun sa kawai kyamara ke ɗauka. Idan an ba mai gadi ko ɗan aike magana, to don a yi dariya ne, irin rawar da marigayi Rabilu Musa Ibro ya sha takawa. A Sangaya an nuna 'yar aiki a matsayin tauraruwa, amma sai da ɗan sarki ya so ta sannan ta zama mutum a idon gidan. Indiyawa sun fi mu a nan. A fim ɗin Coolie na 1983, Amitabh Bachchan ɗan dako ne a tashar jirgin ƙasa, kuma a ɗan dakon sa ya ke jarumi. Turawa ma sun taɓa batun. Quentin Tarantino ya buɗe fim ɗin sa Reservoir Dogs na 1992 da gungun ɓarayi a teburin abinci su na gardama, saboda ɗayan su, wanda Steve Buscemi ya fito a matsayin sa, ya ƙi ajiye dala ɗaya ta mai kawo abinci. Kafin a harba bindiga ko ɗaya, ɗan kallo ya riga ya san halin kowa daga yadda ya ɗauki maganar tukuici. Marubutan mu su lura da wannan.

Kada mai karatu ya ce ina so mu kwaikwayi Amurka ne. A can abin ya zama dole, ana sa ran ka ajiye kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, domin dokar tarayyar su ta yarda a biya mai irin wannan aiki Dala 2.13 kacal a awa, adadin da bai canza ba tun 1991, da hujjar cewa tukuici zai cike sauran. Wato mai gidan abinci ya sauke nauyin sa a kan mai ci. A Japan kuwa ba a bayarwa sam, idan ka bar kuɗi a tebur ana iya bin ka da su a guje. A Ingila sai da aka yi doka, wadda ta fara aiki a Oktoba 2024, ta tilasta wa masu gidajen abinci su miƙa wa ma'aikata tukuicin su duka ba ragi. Kowace ƙasa da inda ta ke sa nauyin.

Mu ina mu ka sa namu? A Yuli 2024 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi ta N70,000, Jihar Kebbi ma ta sanar da N75,000 ga ma'aikatan ta. Amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatan sa ba su kai 25 ba. Gidan abinci nawa ne daga Yelwa zuwa Wara zuwa Shanga ke da ma'aikata 25? Ke nan yarinyar nan ba doka a bayan ta, sai abin da uwar ɗakin ta ta ga dama. Ga shi tun da aka cire tallafin mai a Mayu 2023 komai ya tashi. Sannan ga wata sabuwar matsala da ba mu lura da ita ba. A da idan ka ba da dubu, canjin ka ɗari, sai ka ce "bar shi". Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kowa ya koma tura kuɗi ta waya ko POS, kuma waya ba ta barin canji. Kuɗin na tafiya asusun mai gida cif-cif, yaron shago ko ƙamshin su ba ya ji.

To nawa ya kamata a bayar? Ni ba malami ba ne, ga dai abin da na yanke wa kai na, wanda ya ga ya yi masa ya ɗauka. A wurin mai tuwo ko mai shayi, inda yaro ya kawo maka kwano da ruwan wanke hannu, N100 ko N200 ta isa, kuma ba sai kullum ba. A gidan abincin da aka zaunar da kai aka yi ta kai da kawowa, ma'aunin Inna na ɗauka, ɗaya cikin goma: ka ci na N3,000, ka ba da N300. Idan ku na da yawa ku haɗa, domin wahalar mutum tara ba ɗaya ta ke da ta mutum guda ba. A lissafin mu na ranar nan, N4,000 ce haƙƙin yarinyar, ƙasa da N500 ke nan a kan kowannen mu. Idan ka ga an rubuta kuɗin hidima a rasit, ka tambayi yaron a hankali ko su na samu. Ɗan dako da mai wankin mota da mai kwale-kwale, a fara biyan su ladan su cikakke ba tare da an murɗe su ba, domin wanda ya danne N500 a ciniki ya dawo ya ba da N200 tukuici, kan sa ya yaudara. Kuma ka riƙa yawo da 'yan canji don wannan kawai.

Sai sharuɗɗa uku. Na farko, a hannun mai aikin za ka sa, ba a kanta ba. Na biyu, bayan aiki, ba kafin sa ba. Abin da ka ba matuƙin jirgi don ya cusa ka da buhunan ka bayan jirgi ya cika ba tukuici ba ne. Mu da mu ka ga abin da ya faru kusa da Wara a Mayu 2021, inda jirgi ya rabe a tsakiyar ruwa mutane da yawa su ka rasu, aka kuma ɗora laifin a kan lodi da tsufan jirgin, bai kamata a maimaita mana wannan ba. Na uku, kada ka ɗaura masa igiya. Maza, da ku na ke. Wanda ya ba yarinya N1,000 sannan ya ce ta ba shi lambar waya, ciniki ya zo yi.

Wannan na ukun a jiki na na koye shi. Washegari na koma gidan abincin da N4,000 daga aljihu na, ba daga ambulan ba. Na kira yarinyar na miƙa mata. Ta ja da baya ta ce, "Na mene ne, Malam?" Na ce na jiya ne. Ba ta karɓa ba sai da ta kira uwar ɗakin ta. Wato ta saba duk namijin da ya miƙo mata kuɗi akwai abin da ke biye. A gaban Hajiyar na yi bayani, na ce kuma farantin yaron mu ne ya fasa, nawa ne? Ta ce N1,500, har ta riga ta rubuta a littafi. Ka ji, daidai abin da aka yafe wa Alhaji. Na biya, na tsaya sai da ta soke rubutun. Yarinyar ta ce ta gode, ta koma bakin wanke-wanken ta. Ban ji na zama wani gwarzo ba, don abin da ya kamata in yi jiya ne a gaban mutum takwas na zo ina yi yau a ɓoye.

Saura ambulan. Na yi kwana biyu ina neman fatawar da za ta halatta mani ita. Na ce ai na yi rakiya, na ɓata kwana biyu, na cancanci lada. Gaskiya ne, kuma da ya ce ladan rakiya ne ya yi shiru, da na ci abi na. Amma ya haɗa da maganar idon rahama, kuma ban san yadda zan raba N30,000 in ce wannan ta rakiya ce, wannan ta rufe baki ba. Ƙarshe na tura masa kuɗin sa duka, na rubuta masa cewa na gode, rakiya kyauta ce, garin mu ya zo. Bai ba ni amsa ba. Na ji an ce ya na faɗa a industiri wai ina da girman kai, kuma da su ka dawo ɗaukar waƙoƙin wani su ka nema ya raka su. Ba zan ɓoye maka ba, kuɗin sun yi mani ciwo, don a watan sai da na ci bashin kuɗin haya.

Kuma ba wannan ce ambulan ta farko da aka taɓa ba ni ba, ita ce dai ta farko da na mayar. Akwai finafinai biyu da na yaba a wannan shafi fiye da yadda su ka cancanta, wasun ku sun kashe kuɗi da lokaci sun kalla saboda magana ta. Ku yafe ni.

Fim ɗin Alhaji ya fito, na kalle shi sau biyu. Sharhin sa na nan tafe a wata mai zuwa in Allah ya kai mu, kuma abin da na gani shi zan rubuta.